Darasi: Yadda ake gasa tarwadar kiwo don taron Sallah

Sallah ta matso, kuma duk shekara a irin wannan lokaci ake samun masu zuwa bakin tafki suna cewa a gasa musu kifi ashirin ko talatin don taron dangi. Kuɗi ne mai kyau, ya fi sayar wa dillali ɗanye. Amma a nan Hadejia sai an yi hattara, domin mutumin da ya tashi yana cin tarwadar kogi da ta fadamun Baturiya da Guri, ba ka isa ka yi masa wayo da kifi ba. Lomar farko zai gane.

Tarwadar kogi tana yawo tana farauta, namanta ya fi tauri, kitsenta kaɗan ne. Tamu kuwa ta yi wata biyar ko shida a waje ɗaya ana zuba mata abinci, kitse ya taru a cikinta, kuma warin ruwan da take zaune a ciki yana kama naman. Shi ya sa gashin tarwadar kiwo yake farawa kwana biyu kafin a hura wuta.

Ni da kaina na ɗanɗana. Wata ƙaramar Sallah wani bawan Allah ya ba ni aikin kifi 25. Kwaɗayin nauyi ya sa na ciyar da su da safen ranar, don sikeli ya hau. Da aka fafe cikin sai ga abinci cunkus, kuma ruwan tafkin ya kwana biyar ban canza ba. Na zuba yaji iya ƙarfina, amma ƙarnin bai ɓuya ba. Bayan la'asar yaronsa ya dawo mini da kusan rabi a faranti, kuma har yau gidan ba su sake nemana ba.

Don haka ka tsayar da abinci na awa 24 zuwa 48. Ka ware waɗanda za a gasa cikin ruwa mai tsabta, ka canza shi safe da yamma. Idan ka ba kifin magani kwanan nan, duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalin. In ba su cika ba, wannan kifin ba na sayarwa ba ne, ko nawa aka taya. Girman da na fi so shi ne giram 800 zuwa kilo ɗaya. Wanda ya wuce haka, fata za ta ƙone kafin wuta ta kai ƙashi.

Wajen gyara, a buga masa a ka ya mutu nan take, a yanke ƙayoyin gefe tun kafin su soki wani. Yauƙin jikin a goge shi da toka ko lemon tsami, ko a watsa ruwan zafi wanda bai tafasa ba a kankare. Wajen fafe ciki a yi a hankali kada maɗaciya ta fashe, don in ta fashe ɗacin ba ya fita da wanki. Wancan farin kitsen da ke manne a ciki, cire shi duka. Shi ne ke ɗiga kan garwashi wuta ta tashi ta baƙanta kifin. Sai a yi tsaga uku ko huɗu a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi.

Haɗin ba wani sirri ba ne: attaruhu, albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, gishiri, magi, ɗan man gyaɗa da ruwan lemon tsami. A cusa cikin tsagar da cikin kifin, a bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan Sallar ta faɗo a bazara, kowa ya san zafin garin nan, kada a ajiye shi a fili. Kula da ƙanƙara ta wadatar. Yajin ƙuli kuwa ba yanzu ba. Ƙuli yana saurin ƙonewa, in ka shafa shi tun farko ɗaci za ka samu.

A kan wuta aka fi yin ɓarna. Kada a tayar da gawayi da kananzir ko leda, kifi yana ɗaukar wari fiye da nama. A jira har harshen wuta ya mutu, toka ta fara rufe garwashin, sannan a tara shi gefe ɗaya a bar ɗaya gefen da kaɗan. Ɗora tafinka daidai tsayin ragar: in ka iya jure ƙirga biyar, wutar ta yi. A shafa mai a raga, a ɗora kifin a gefen mai zafi fatar ta kama, sannan a ja shi gefen mai sanyi ya nuna a hankali. Kifi mai kilo ɗaya yakan ci minti 12 zuwa 15 a kowane gefe. Juyi ɗaya ya isa. Mai juya kifi kowane minti biyu, fatar ce za ta zauna a raga, shi ya tashi da dagargaje.

Masu naɗe shi a takardar gashi tun daga farko har ƙarshe, ni dai a wurina turara suka yi ba gashi ba. In za ka naɗe, ka buɗe a minti goman ƙarshe ya sha wuta kai tsaye. A nan ne ake shafa mai a barbaɗa yajin ƙuli.

Don gane ya nuna, soka wuƙa a bayan kai inda naman ya fi kauri. In ya yi fari yana rabuwa da ƙashi, ya yi. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 63. 'Yan uwa masu kaji, ku naku 74 ne, kuma a cinya ake aunawa.

Abu na ƙarshe, a auna kifin da ransa a gaban mai saye, a yi ciniki a kan wannan nauyin, a ɗora kuɗin gawayi da kayan haɗi da ladan gashi. Bayan an cire ciki wuta ta tsotse ruwa, kilo ɗaya ba ya komawa kilo ɗaya, kuma a nan rigima take tashi. Sannan ka tambayi ƙarfe nawa za a ci, ka tsara wutarka yadda kifin ba zai yi sama da awa ɗaya a rufe cikin zafin nan ba kafin ya isa faranti.