Kafin Ki Biya Kuɗin Za'afaran

Duk wadda za ta Makka ko Madina ba ta rasa mai yi mata sautun za'afaran, kuma da yawan abin da ake dawowa da shi jabu ne. Dalilin algus ɗin yana cikin yadda ake samun abin.

Za'afaran daga furen wata 'yar ƙaramar shuka yake, mai suna Crocus sativus, wadda ba ta yin iri sam. Ɗan dunƙulen saiwarta ake tonowa a raba a sake binnewa. Furen ruwan shunayya ne, yana buɗewa tsakanin Oktoba da Nuwamba, kuma kowane ɗaya zare uku kacal yake bayarwa, jajaye. Da sassafe ake tsinke furannin, a zauna a cire zaren da hannu. Sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya busasshe. Iran ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na duniya, galibi a yankin Khurasan, sai Afghanistan da Kashmir da Sifen da Maroko. To abin da aka sha wannan wahala a kansa, in aka tallata miki shi da araha, kada ma ki tsaya ciniki.

Kada ki sayi gari. Nan ake cusa kurkum da kalar abinci, ba kuma yadda za ki gane da ido. Nemi zaren. Na gaskiya siriri ne daga gindi, kansa a buɗe kamar bakin algaita. Gashin masara da aka rina kuwa kauri ɗaya yake daga farko har ƙarshe. Ɗanɗana guda: akwai ɗan ɗaci. In kin ji zaƙi ko danƙo, an shafa masa zuma ko ruwan sukari ne don ya yi nauyi a sikeli.

Gwajin da na fi yarda da shi na ruwa ne. Jefa zare biyu a ruwan sanyi, ki jira. Na ƙwarai a hankali yake sakin launi, kuma rawaya yake saki, shi zaren yana nan da jansa. Na jabu nan take yake rina ruwan, ya koɗe.

Wajen girki, murƙushe kaɗan ki jiƙa a ruwan ɗumi na minti 20 kafin ki zuba a shinkafa ko madara. Sauran ki adana a kwalba mai murfi, nesa da rana da laima. Mai juna biyu ta tsaya iya abin da ake sa wa abinci, ban da sha a matsayin magani.

Masu tambayar ko za a iya shuka shi a Kano ko Damagaram, ba na ba da shawara. Saiwar tana kwanciya ne a busasshiyar ƙasa watannin Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da daminarmu za ta ruɓar da ita.