Darasin Kimiyyar Lafiya: Ƙaiƙayin Gaba na Kandida

Gabatarwa

Ɗalibai, a nan Katuru duk matar da ta ji ƙaiƙayi ko ta ga farin ruwa, sai ta ce "sanyi" ya kama ta. To, sanyi suna ɗaya ne da aka laƙaba wa cututtuka daban-daban, kuma kowace da maganinta. Yau za mu ɗauki guda, wadda mata 3 cikin 4 kan yi aƙalla sau ɗaya a rayuwa.

1. Mene ne kandida?

Wata 'yar halitta ce dangin yis ɗin da ke kumbura kwaɓin burodi. Wadda ta fi yawa ita ce Candida albicans. Ba baƙuwa ba ce, tana zaune a jikin mai lafiya. Abin da ke taka mata burki ƙwayoyin Lactobacillus ne, 'yan uwan waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ke sa gaban mace ya yi ɗan tsami. In suka ragu, sai kandida ta yi yaɗo, kamar ciyawa a gonar da aka bari ba noma.

2. Alamomi

Ƙaiƙayi mai tsanani; zafi wajen fitsari ko saduwar aure; ja da kumburi; farin ruwa mai kauri, guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke. Ku lura, yawanci ba ya wari. In ruwan na ƙarni kamar kifi, ko ya yi kore-kore, wata cutar ce daban.

3. Dalilai

Na farko, shan kafso barkatai. Mace ta je kemis ranar kasuwar Shinkafi, a ƙirga mata ja-da-yalo ko Ampiclox a leda. Kafson ya kashe Lactobacillus masu gadin, ya bar kandida, don ba ya taɓa ta. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Sauran su ne juna biyu, ciwon suga, raunin garkuwar jiki, wanke ciki da sabulu ko Dettol, da cusa kayan matsi. Sai ɗan kamfai na roba mai matsewa, musamman a zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, domin kandida na son gumi da ɗumi. Ba masai ke kawo ta ba, kuma ba alamar lalata ba ce. Budurwa ma na yi.

4. Magani

Ana sa ƙwayar clotrimazole a gaba da dare, kwana 1, 3 ko 6, gwargwadon ƙarfinta, tare da man shafawa a waje. Ko kuma a haɗiyi fluconazole mai miligiram 150 sau ɗaya. Mai ciki ba ta shan fluconazole. Na sawa ake ba ta, kwana 7. Flagyl ba ya maganin kandida.

In karo na farko ne, ko akwai ciki, zazzaɓi ko ciwon mara, ko abin ya dawo sau 4 a shekara, a je Babban Asibitin Shinkafi, ko na Ƙaura Namoda, ko na Zurmi, a duba, a kuma auna suga. Waɗanda suka gagara akan tura su Gusau.

5. Rigakafi

A sa kamfai na auduga, a shanya shi a rana ya bushe sarai, ba a ƙarƙashin katifa ba don kunya. A wanke waje kawai da ruwa mai tsabta. Wajen tsarki, hannu ya tashi daga gaba zuwa baya.

Aikin gida

1. Me ya sa kafso ke ƙara ƙaiƙayin kandida?
2. Kawo alama ɗaya da ke nuna ba kandida ba ce.
3. Ƙanwar mahaifiyarki mai ciki ta aike ki sayo "maganin sanyi". Me za ki ce mata?