DARASI: Kula da Giyar Otomatik a Tsohuwar A-Kori-Kura

Darasinmu na wannan wata a kan mota yake.

Idan kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, a nan ne manomi ko ƙungiyar manoma kan haɗa kuɗi su sayi tsohuwar a-kori-kura. Ana so ta riƙa kai gero da wake da gyaɗa daga Sandamu zuwa kasuwar Daura ko ta Mai'adua. Kuɗin nan gumin shekara da shekaru ne. Bai kamata ya salwanta saboda rashin sani ba.

Giya iri biyu ce

A da, a-kori-kurar da muka saba da ita a ƙasar Daura ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo. Kamfaninta ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Giyar hannu gare ta. Direba ya taka kuloci, ya sa giya da kansa. Kowane bakanike a tasha ya san cikinta.

Daga baya tsofaffin motocin ƙasashen waje suka yawaita, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Wasu daga cikinsu giyar otomatik gare su, wato mai canza kanta da kanta. Ba sabuwar aba ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a motocinsa tun na shekarar 1940. Mu ne ba mu saba da ita ba a karkara.

Yadda take aiki

Wannan mota ba ta da kulocin takawa. Abin takawa biyu ne kawai, birki da totur. To, me ke aikin kuloci? Mai ne.

Ga misali. Ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna. Ka kunna ɗaya. Iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake tsakanin inji da giya, sai dai a maimakon iska, mai ne ke turawa.

Man nan aiki huɗu yake yi. Shi ke kai ƙarfin inji zuwa giya. Shi ke matsa faifayen da ke canza giya. Shi ke hana ƙarafa cin juna. Shi ne kuma ke rage zafi. Ke nan mai shi ne jinin wannan giya. Idan ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nata ba, giya ta kama hanyar lalacewa.

Haruffan da ke jikin sandar giya

Mu karanta su tare:

P: ajiye mota. Sai ta tsaya cak ake sawa.
R: komawa baya.
N: babu giya.
D: tafiya gaba.
2 da L: ƙananan giya, na hawa tudu da shiga rairayi da jan kaya mai nauyi.

Abokan gabanta uku a ƙasarmu

Na farko shi ne lodi fiye da kima. Yawancin ƙananan a-kori-kura an yi su ne don ɗaukar kamar tan ɗaya. Wato buhu 10 ke nan, idan kowane buhu kilo 100 ne. Amma ranar kasuwa sai ka ga an jibga buhu 20, ga mutane a sama, ga awaki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu shi ne rairayi. Hanyoyin ƙauyukanmu yashi gare su. Idan mota ta kafe, direba kan yi ta ba ta wuta, ya sa gaba ya sa baya. A lokacin nan man giya tafasa yake yi.

Na uku shi ne zafin bazara. Man giya yana bi ta bututu ya shiga lagireto don ya huce. Idan lagireto ya toshe da ƙura, ko ruwansa ya ragu, inji da giya duk za su yi zafi.

Ku lura, duka ukun abu ɗaya suke jawowa, wato zafi. Zafi ke ƙona mai. Ƙonannen mai kuma shi ke cinye faifayen giya.

Yadda ake duba mai

1. A yi tafiya kaɗan da motar har ta ɗauki ɗumi.
2. A tsayar da ita a wuri mai baje. A ja birkin hannu. Kada a kashe inji.
3. A taka birki, a bi haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan a dawo P.
4. A zaro sandar awon man giya. Ba ita ce ta baƙin mai ba. A goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa.
5. A duba inda mai ya tsaya. Ya kamata ya kai alamar da aka rubuta HOT, wato da zafi. Kada ya gaza, kada ya zarce.
6. A ɗiga shi a kan farar takarda, a duba launi, a shinshina.

Idan ja ne garau, lafiya lau. Idan ya yi duhu, ya tsufa, a canza. Idan baƙi ne yana ƙauri, giya ta riga ta ji jiki. Idan ya yi kauri da fari-fari kamar an dama da nono, ruwan lagireto ya shiga ciki. Kada a ƙara tuƙa motar sai an gyara. Wasu motocin ba su da wannan sanda. Irinsu sai a wurin bakanike.

Alamun ciwo

Ka sa D ko R, mota ta yi jim kafin ta kama. Inji yana ruri amma mota ba ta ja. Giya tana shiga da fizga, kamar an buge motar ta baya. Mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa. Da safe ka tarar da ɗigon jan mai a ƙasa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya ce bari a ci kasuwar gobe tukuna.

Wata rana na shiga irin wannan mota za mu kasuwa. Tun daga tasha inji yake kuka, mota tana ja da ƙyar. Direba ya tsaya ya sayi mai a bakin hanya, mai kaurin nan na giyar hannu, ya ɗura. Ba mu yi nisa ba mota ta tsaya. Muka yini a gindin bishiya, kasuwa ta watse, masu wake suka koma gida da kayansu. Man otomatik daban yake, tsinkakke ne. A jikin galan ɗinsa ana rubuta ATF. Shi ma iri-iri ne, kowace mota da nata. Sau da yawa sunan wanda ya dace yana rubuce a jikin sandar awo ko cikin littafin motar. A karanta kafin a saya, kuma a sayi wanda bakinsa yake a rufe.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a sa R ko P mota tana tafiya. A kan gangara, a ja birkin hannu kafin a sa P. Idan an kafe a rairayi, a sauke kaya, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko rassa, a fita a hankali da L. Idan batir ya mutu, turawa ba ta ta da wannan mota, sai dai a haɗa mata da wani batir. Idan ta lalace, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa. Famfon da ke zagaya da mai ba ya aiki sai inji yana aiki. A ɗora ta a babbar mota, ko bakanike ya kwance furofela kafin a ja.

Wajen saye da wajen gyara

Kada a yi cinikin biri a sama. A je da bakanike wanda ya san otomatik. A ta da motar da sassafe tana sanyi, don a lokacin ne ciwo ya fi nuna kansa. A tuƙa ta da kaya, a hau tudu, a saurari kowane canjin giya. Araha ba ta ado.

A kuma yi lissafi tun da wuri. Masu gyaran wannan giya sun fi yawa a manyan garuruwa kamar Kano da Katsina, kuma gyaranta ya fi na giyar hannu tsada. Idan aikin motar duk a rairayi ne da kaya masu nauyi, mai giyar hannu ta fi sauƙin riƙewa.

Idan ta kai ga gyara, kada a yarda a kwance giya tun a zuwan farko. Wani lokaci matsalar ƙarama ce: mai ya ragu, ko matacin mai ya toshe, ko wata waya ta tsinke. A fara da waɗannan. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka canza mai da lambar kilomita da mota ta nuna. Motar da ke aiki cikin ƙura da zafi tana bukatar canjin mai da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi aiki huɗu da man giya yake yi.
2. Mene ne ma'anar P da R da D?
3. Mota mai ɗaukar tan ɗaya, buhu nawa na kilo 50 za ta ɗauka?
4. Me za ka yi idan ka ga man giya ya zama kamar an dama da nono?

A karanta wa direbobi da yaran mota wannan darasi a tasha da majalisa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai wata mai zuwa.