Bugun Zuciya da Ƙonewar Kitse a Jikin Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa hawan ɗaya daga cikin duwatsun Rano ya san cewa tun kafin ya kai tsakiya zai ji zuciyarsa tana harbawa da sauri, numfashinsa yana sama-sama. Dalili kuwa shi ne tsokokin ƙafa suna bukatar ƙarin iskar oksijin domin su ƙona abinci su sami ƙarfi. Jini ne ke kai musu ita, zuciya kuma ita ke tura jinin. Saboda haka saurin bugunta ma'auni ne na nauyin aikin da jiki ke yi.

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Iyakar saurinta kuwa akan ƙiyasta shi ta hanyar ɗebe shekarun mutum daga 220. Ɗalibi ɗan shekara 17 zai sami 203, malaminsa ɗan shekara 40 zai sami 180. Wannan ƙiyasi ne kawai, domin sa'o'in juna sukan bambanta da bugu goma ko fiye.

Makamashi iri biyu tsoka ta fi dogara da su, watau sukari da kitse. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin, bai cika wuce rabin kilo ba. Kamar karan dawa yake a murhu, yana kamawa nan take, yana kuma cinyewa nan take. Kitse kuwa gungumen itace ne, mai wuyar kamawa, mai daɗewa yana ci, sai dai ba ya ci sosai sai da wadatar iska. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sukari 4.

To, mai tafiyar ƙafa zuwa gona a Kibiya, wanda zuciyarsa ke bugun kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na iyakarta, babban rabon ƙarfinsa daga kitse yake fitowa. Idan ya ɗauki garma ya shiga huɗa da gaggawa har magana ta gagare shi, sai tsoka ta karkata ga sukari. A shekarar 2002 Achten da Jeukendrup na Jami'ar Birmingham a Ingila sun gwada masu tseren keke, suka ga ƙonewar kitse tana kai ƙololuwa a wajen kashi 74 cikin ɗari na iyakar bugun zuciya, sannan ta faɗi warwas idan aikin ya tsananta.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka cewa tafiya sannu ta fi gudu rage ƙiba. Mu ƙaddara mai tafiya ya kashe kalori 150 cikin rabin sa'a, kashi 60 daga kitse, 90 ke nan. Mai gudu ya kashe 350, kashi 35 kacal daga kitse, fiye da 120 ke nan. Rabonsa ƙarami ne, amma tulinsa ya fi girma. A ganina amfanin matsakaicin sauri shi ne mutum yana iya jure masa kullum, dattijo ne ko mai jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, wanda ba aikin yini ɗaya ba ne.

Sai batun gumi. Samarin da ke rufe jiki da leda ko rigar sanyi su yi gudu cikin zafin Afrilu, ruwa suke zubarwa, kuma nauyin yana dawowa da zarar sun sha. Zafi da ƙishirwa suna ƙara bugun zuciya ba tare da ƙarin kitse ya ƙone ba. Ta huhu mafi yawan kitse ke fita. Meerman da Brown sun lissafa a 2014 cewa cikin kilo 10 na kitse, 8.4 yana fita a matsayin iskar kabondayoksaid, sauran 1.6 ya zama ruwa.

Malamai na iya gwada wannan a filin makaranta. Ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. A auna yana zaune, a sake bayan tafiyar minti biyar, sannan bayan gudu, a rubuta a allo a gwada da iyakarsa. Mai ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, a bar shi ya riƙe agogo.