Al'adar Sallama Kafin Tafiya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan fara tafiya mai nisa ne daga zauren iyayensa da na maƙwabtansa, tun kwanaki kafin ya hau mota. Wannan kewaye da matafiyi ke yi gida-gida shi ake kira sallama ko ban kwana. Darasin zai duba asalin al'adar da yadda ake gudanar da ita da kuma sauye-sauyen da zamani ya kawo mata.

2.0 Asalin Al'adar

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, domin saro goro. Sukan shafe watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu, suna yada zango a garuruwa, ga 'yan fashi ga cututtuka. Mahajjata kuwa sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin, sannan su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru kafin su komo, wasu kuma ba su komo ba, domin Hausawa da dama da ke zaune a Sudan jikokinsu ne. Wanda zai kama irin wannan hanya ba shi da tabbacin sake ganin danginsa. Saboda haka ya zama dole ya sauke haƙƙin kowa kafin ya tashi.

3.0 Yadda Ake Gudanar da Sallama

Matafiyi kan fara da iyayensa, ya durƙusa ya nemi izini da albarka. Daga nan sai malaminsa, wanda zai yi masa addu'a, sannan surukai da maƙwabta da abokai. A yayin wannan kewaye akan cim ma abubuwa huɗu:

i. Neman yafiya daga duk wanda aka saɓa wa.
ii. Biyan bashi, ko bayyana shi a gaban shaidu.
iii. Damƙa amanar iyali da gona ga wa ko ƙane ko amini.
iv. Karɓar saƙo da sautu zuwa inda za a.

Su kuma waɗanda aka ziyarta sukan ba da guzuri, kamar kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa ko 'yan kuɗi. Dattijo kan ce, "Allah ya kiyaye hanya, ka gai da mutanen can." Matafiyi ya amsa, "Amin Baba, za su ji." Ranar tashi akan yi masa rakiya zuwa bayan gari ko tasha. Wanda ya tsallake wani babba a wannan kewaye kuwa, an ɗauka ya raina shi, kuma hakan kan haddasa gabar da tsaraba ba ta gyarawa.

4.0 Tasirin Zamani

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yawaitar motoci bayan haka, sun mayar da tafiyar watanni ta kwanaki. Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 kuma ya sa mutane da yawa suna yin sallama daga cikin mota. Waya tana isar da gaisuwa, amma dattawa ba su ɗauke ta daidai da zuwa gida ba, musamman wajen neman yafiya da damƙa amana. Hausawa dai sun ce zumunci a ƙafa yake.

5.0 Kammalawa

Sallama hanya ce ta sauke nauyi da ɗaure zumunci. Ya kamata malami ya koyar da ita ta gajeren wasan kwaikwayo, inda ɗalibai za su fito a matsayin matafiyi da mahaifi da maƙwabci, domin su laƙanci kalaman girmamawa a aikace.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin guzuri da tsaraba da sautu.
2. Me ya sa fatake suka ɗauki sallama da muhimmanci?
3. Tattauna tasirin wayar salula a kan wannan al'ada a garinku.