Tsarawa, Aunawa da Sake Koyarwa: Horar da Sabon Malami a Darasin Siffofi

A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, inda 21,780 suka kasa samun makin da aka ƙayyade. An sallame su, aka ɗauki sababbi, don haka makarantun Ikara da Maƙarfi da Kudan suka sami rabonsu na malaman da ba su daɗe da riƙe alli ba. To amma iya lissafi daban, gane abin da ke hana yaro fahimtarsa daban, musamman a fannin joometiri, wato ilimin siffofi da awonsu.

Dabarar horar da irin waɗannan malamai ba baƙuwa ba ce a jihar. A shekarar 2006 aka fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Ginshiƙinsa matakai huɗu ne: a tsara, a koyar, a duba, a gyara. Tun a 1963 ma Jami'ar Stanford ta Amurka ta riƙa sa ɗalibi malami ya koyar da ɗan gajeren darasi, a yi masa gyara, sannan ya sake koyar da shi.

Alal misali, a ɗauki darasin kewaye da faɗin fili. Wajen tsarawa, bai wadatar malami ya rubuta manufa da kayan aiki kaɗai ba. Ana so ya rubuta kuskuren da yake tsammanin yara za su yi, da tambayar da za ta tono shi. A ƙasar rake irin Maƙarfi da Kudan, ga tambaya mai dacewa: gonakin rake biyu ne, ɗaya tsawonta mita 40 faɗinta mita 10, ɗaya kuma kowane gefenta mita 25. Darnin da zai kewaye kowacensu mita 100 ne. Wacce ta fi girma? Yara da yawa za su ce daidai suke, tunda darninsu ɗaya. Alhali ta farko murabba'in mita 400 ce, ta biyu kuwa 625.

A wajen aunawa ne sabon malami ya fi tuntuɓe, domin ya saba da jan alƙalami: ya buga maki ya wuce. Maki 4 cikin 10 ba ya faɗin inda gizo ke saƙa. Mai horarwa sai ya sa shi ya kasa takardun yara kashi-kashi bisa irin kuskurensu. Wanda ya tara tsawo da faɗi a madadin ya ninka su, cutarsa daban da ta wanda ya ninka daidai amma ya yi kuskuren jadawali. Akwai kuma wanda ido ya ruɗe shi, ya zaɓi doguwar gonar don ta fi tsawo. Wannan na ƙarshe shi ne irin yaron da Pierre van Hiele da matarsa Dina, malaman lissafi 'yan ƙasar Holan, suka bayyana a 1957: yaro kan fara hukunta siffa da kamanninta kafin ya san sifofinta.

Sake koyarwa kuwa ba maimaita jawabin jiya da ƙarfin murya ba ne. Dole hanyar ta sauya. Malami ya yanko kara guda 24 masu tsawo ɗaya, ya fita da yara tsakar makaranta, su shata gona da su a ƙasa: 10 da 2, sannan 8 da 4, sannan 6 da 6. Kowane karo su zana gidaje irin na dara a ciki, kowane gida tsawon kara ɗaya, su ƙirga. Za su sami 20, da 32, da 36, karan nan kuwa ko ɗaya bai ƙaru ba. Daga nan a ba su sabuwar tambaya da wasu alƙaluma, kada a maimaita ta jiya, don amsarta ta riga ta zama hadda.

Malami kan yi kukan cewa manhaja na da yawa, zango gajere ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba kowane darasi ake sakewa ba, sai wanda wasu darussa za su hau kansa. Faɗin fili na cikinsu, domin a kansa ake gina faɗin alwatika da na da'ira, da lissafin cikin rumbu a azuzuwan sakandare.