Filin Gwaggo: Baba na nan da ransa, amma fansho ya tsaya

Ni matar aure ce a Kwamba, nan Suleja. Mahaifinmu tsohon ma'aikacin kwastan ne, ya yi ritaya a 2005. Da ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai ƙanena da ke aikin asibiti a Madina ya ɗauke shi ya koma wurinsa. Fanshonsa a nan yake shiga, da shi ake cefanen gidan da matarsa da ƙannenmu biyu suke ciki. Yanzu wata biyar ke nan ko alat babu. Yayanmu ya bincika, aka ce masa Baba bai tabbatar yana raye ba. Wani mai shagon intanet ya ce a ba shi dubu hamsin, a kawo Baffa, ƙanen Baba, tunda kamarsu ɗaya, a ɗauki fuskarsa a wuce wurin. Yaya ya ce ai ba sata ba ce, haƙƙin Baba ne. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Baba ba zai iya doguwar tafiya ba. Yaya za mu yi?

'Yarki, daga Kwamba

Sannu 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ki ce wa yayanku in ji ni ya bar Baffa ya zauna a gidansa. Gaskiya ne kuɗin na Baba ne, amma tsayar da wani a gaban kyamara da sunansa sojan gona ne, laifi ne a doka, kuma idan aka gano, maganar ta tashi daga "bai tabbatar ba" ta koma "ana zargin zamba a fayil ɗinsa". Na farko ana warware shi a 'yan makonni. Na biyu Allah kaɗai Ya san ranar fita. Kuma mai shagon da ya karɓi dubu hamsin ba za ki gan shi ba ranar da aka kira ku ofis.

Tunda Baba ya bar aikin gwamnatin tarayya kafin ƙarshen Yunin 2007, yana cikin tsohon tsari, wanda hukumar PTAD ke biya tun da aka kafa ta a 2013. Tana da sashe na musamman na tsofaffin ma'aikatan kwastan, shige da fice da gidan yari. A da sai dattijo ya je da ƙafarsa ya bi layi, wasu har faɗuwa suke yi a wurin tantancewa. Daga Afrilun 2023 hukumar ta shimfiɗa tsarin da ta kira I Am Alive a kan kowa, bayan gwajin da ta fara a 2021. Ɗan fansho zai shiga shafin hukumar da waya mai kyamara ko kwamfuta, ya sa lambarsa ta fansho da lambar asusun bankin da ake biyansa, ya ɗauki hoton fuskarsa. Na'ura ta gwada da hoton da aka ɗauka lokacin tantancewa, sannan ta nemi ya motsa fuska don a san ba hoto aka kara mata ba. Ana maimaitawa duk wata shida, wanda bai yi ba a dakatar da biyansa. Abin da nake zaton ya sami Baba ke nan: saƙon tunatarwa yana zuwa layin wayar da ke cikin fayil, layin kuwa wataƙila yana cikin aljihun tebur a Suleja, mai shi yana Madina.

To shafin intanet bai san iyakar ƙasa ba. Ƙanenki na iya zaunar da Baba a ɗakinsa na Madina ya yi masa, ba tare da an biya kowa ko kwabo ba. Ya zaɓi safiya lokacin da jikin Baba ke da ƙarfi, hasken taga ya fuskance shi, bango fili a bayansa, a cire hula da tabarau. Idan bai shiga ba a karon farko, a sake. Ciwon shanyewar jiki yakan karkatar da baki ko ido, ga rama, ga shekaru, saboda haka na'ura na iya ƙin gane shi. Wannan ba ƙarshen magana ba ne. A nan ne takarda ke shigowa.

Kafin a nemi kowace takarda, a rubuta wa hukumar da sunan Baba, a faɗi inda yake, dalilin zamansa da abin da ya faru da aka gwada, a tambaye su wace irin shaida za su karɓa. Na nanata wannan ne don mutane da yawa sukan fara da kashe kuɗi wurin lauya, su tara hatimai, su kawo, a ce musu ba wannan ake so ba. Ku kuwa 'yan Suleja Allah Ya hutar da ku: hedikwatar PTAD tana Maitama a Abuja, idan kika yi sammako kika tsallake cunkoson Madalla da Zuba, kafin azahar kin dawo. Ki tafi da kwafi biyu na wasiƙar, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya, ki adana. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri da zai samu wannan kusanci da ya yi sadaka.

Shaidar da ta fi nauyi a idon kowace hukumar Najeriya ita ce wadda ofishin jakadancin Najeriya ya sa wa hannu. A Saudiyya babban ofishin yana Riyad, ƙaramin yana Jidda, wanda shi ya fi kusa da Madina, ga kuma jirgin ƙasan Haramaini da ke haɗa garuruwan biyu. Ma'anar takardar ita ce jami'i ya ga mutumin da idonsa, ya duba fasfonsa, ya rubuta cewa a rana kaza wane ɗan wane ya bayyana a gabansa da ransa. Don haka ƙanenki ya kira su tukuna, ya bayyana musu halin da Baba ke ciki, ya ji ranar da za a zo, abin da za a biya, da ko akwai sassauci ga marar lafiya. Ya tanadi fasfo mai sauran wa'adi, iƙama, hotuna na kwanan nan, takardar ritaya, takardar tantancewar PTAD mai ɗauke da lambar fansho, da lambar NIN. Ya haɗa da rahoton likita. Rahoton idan da Larabci yake sai an fassara shi wurin mai fassara da hukuma ta sani, a kai ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya ta buga hatimi, sannan ofishinmu ya buga nasa. Akwai wata yarjejeniya ta Hague ta 1961 da ta sa ƙasashe da yawa ke karɓar takardun juna da hatimi guda. Najeriya ba ta cikinta, shi ya sa masu zama a Ingila ko Amurka ke mamaki idan an dawo musu da takardar da lauyan can ya shaida, a ce sai ta bi ta ofishin jakadanci. Kuma kada a bar takardar ta kwana biyu a jaka, don shaidar rai ta bara ba ta shaida komai bana. Da an karɓa a ɗauki hotonta a tura, asalin ya biyo baya a hannun amintacce.

Kada ki ji haushin ma'aikatan da yawa. Wannan tsanani yana da asali. Shekaru aka yi ana biyan matattu da sunayen da ba a taɓa haifar masu su ba, masu rai kuma na mutuwa a layi. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora don ya gyara harkar fansho, shi kansa Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara 8 a Nuwamban 2021 kan halasta kuɗin haram. Ɓarayi suka ci, tsofaffi ke biyan kuɗin sabulu.

Ga masu karatu da ke da irin wannan matsala: ku fara sanin wa ke biya. Wanda ya yi wa gwamnatin jihar Neja ko ƙaramar hukumar Suleja aiki, maganarsa tana Minna, ba Maitama ba. Wanda ya yi ritaya a sabon tsarin adashi da dokar 2004 ta kawo, kamfanin da ke riƙe da asusunsa zai nema. Sojoji kuma hukumarsu daban.

Sai abin da ba ki tambaya ba. A duk wasiƙarki ban ga inda aka ce an tambayi Baba ba. Yaya ya yanke, mai shago ya yanke, Baffa ma an sa shi a lissafi, mai kuɗin kuwa yana can yana jin kiran salla daga Masallacin Annabi, ba wanda ya ce masa uffan. Ciwon ɓarin jiki ba ciwon hankali ba ne. Ku kira shi ta bidiyo ku duka, a faɗa masa fansho ya tsaya, ya faɗi da bakinsa wa zai riƙe katin banki, nawa za a ba matarsa duk wata, nawa za a ajiye na magani. A rubuta, kowa ya gani. Idan ariyas na wata biyar ya faɗo gaba ɗaya, za ki gode mini da aka yi wannan zama tun kafin alat ya shigo.

*

Gwaggo, ki sakaya sunana. Mijina ya rasu a Ghana wurin 'yarsa, wata huɗu ke nan, a can aka yi jana'iza. Fanshonsa na tsohon ma'aikacin NITEL bai daina shigowa ba, ni ke riƙe da katin. Ina da marayu uku. Ƙanensa ya ce in yi shiru, ai ba wanda ya sani, gwamnati ma ta ci nasa ariyas. Na ci na wata biyu, na kasa barci.

Baiwar Allah, daga Maje

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ba zan yi miki faɗa ba. Mace tana cikin takaba, yara na kallon tukunya, kati na hannunta: wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ya rage murya.

Amma kuɗin nan kashi biyu ne, kuma ƙanen mijinki ya cakuɗa su. Duk abin da marigayi ke bi kafin ranar rasuwarsa, ariyas ne ko ragowar garatuti, haƙƙinsa ne, ya zama gado, za ku iya nema kuma ya kamata ku nema. Abin da ya shigo bayan ranar ba nasa ba ne, don fanshon tsohon tsari na mai rai ne. Dokar ta yi togaciya guda: wanda ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, ana biyan magadansa ragowar shekarun. Mai gidanki ya daɗe da wuce wannan. Shirun ma ba zai yi nisa ba, domin wata shida na cika za a nemi fuskarsa. Ranar nan biya zai tsaya, kuma duk lokacin da kuka je neman ariyas za a ɗora ranar rasuwa a kan bayanan banki a ga wa ya ci me.

Ki daina taɓa abin da ke cikin asusun daga yau. Ki sa 'yarsa ta karɓo takardar shaidar rasuwa a can Ghana, ta kai ofishin jakadancin Najeriya da ke Accra a buga hatimi. Ki rubuta wa hukumar da bankin, ki faɗi ranar rasuwa, ki faɗi wata biyun da aka cire, ki roƙi a zare su daga abin da yake bi. Wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Neman haƙƙin magada zai buƙaci takardar kotu ta wakilcin gado, don haka ki samu babban ɗansa ko wani dattijo a danginku ku je tare. Ƙanen nan kuwa, tunda marayun ɗan'uwansa sun dame shi haka, ki tura masa lissafin kuɗin makarantarsu na wannan zango.

*

Hajiya Gwaggo, ni nawa a juye yake. Na yi aikin jinya a Ingila shekaru masu yawa, na dawo gida Suleja. An aiko mini da takarda daga can wai in nemo mai shaida cewa ina raye. Ɗana lauya ne, zai iya sa hannu?

Tsohuwar nas, daga Suleja

Sannu da dawowa Hajiya. Ɗanki ba zai yi ba, ko da shi ne babban lauyan ƙasa. Ma'aikatar fansho ta Birtaniya ba ta karɓar shaidar dangi, na jini ko na aure, ko wanda kuke zaune gida ɗaya. Mai sana'ar da aka sani suke so: likita, lauya, malamin makaranta, jami'in banki, ɗan sanda, limami. Ba sai ɗan Ingila ba, kuma ba sai kin je ofishin jakadancinsu ba. Abokin aikin ɗanki ya isa. Ki tafi da fasfonki, ki sa hannu a gabansa, ya rubuta sunansa da aikinsa da adireshinsa, ya buga hatimi idan yana da shi.

Abokin gabarki shi ne lokaci. Mako 16 suke bayarwa, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar da ke kan wasiƙar, ba ranar da ta iso hannunki ba. Ki duba kwanan watan yau ɗin nan. Idan ya ƙure, ki kira lambar da ke jikin takardar ki shaida musu tana hanya. Ki ɗauki hoton kowane shafi, ki aika ta kamfanin da ke ba da lambar bibiya. Idan kina karɓar fanshon asibiti ban da na gwamnati, shi ma yakan aiko da tasa takardar daban, kada ki ɗauka ɗaya ta wadatar.

Kuma idan kin lura kuɗin ba ya ƙaruwa shekara shekara kamar na ƙawayenki da suka zauna a can, ba kuskure ba ne, ba kuma laifin wannan takarda ba. Birtaniya ba ta yi wa fanshon gwamnati ƙarin shekara ga mazauna Najeriya, yadda aka fara biyanki a nan haka zai tsaya. Ki yi lissafin gidanki a kan haka.